Rufin Ginin Girkawa

Litinin, 6 ga Agusta, 2007, da hantsi

Yau na kunna kwamfutar. Tun ranar Alhamis ɗin nan ban taɓa ta ba. Na yaye zanen da na lulluɓe ta da shi, na zauna a kujerar Hashim, na jira ta gama nishinta.

Ginin yana nan a cikinta yadda ya bar shi. Ɗakin bauta ne na Girkawan dā, a wani ƙaramin tsibiri. Ya rushe tun kafin zuwan Musulunci, abin da ya rage duwatsu ne a warwatse cikin ciyawa. Wata malamar jami'a a can ƙasar, Irini, ita ta auna kowane dutse, ta aiko mana da awon da hotuna, mu kuma muke tayar da shi a kwamfuta, dutse kan dutse. Ni da mijina Hashim tare muka karanta zanen gine-gine a Zariya, malaminmu ne ya haɗa mu da ita. Ginshiƙai aikina ne, rufi nasa.

Ban san abin da ya sa nake bayani kamar wani zai karanta ba. Wataƙila don gidan ya yi shiru da yawa.

Kwanon nan uku da Hashim ya hau ya ɓamɓare daga rufin ɗakinmu ranar Alhamis ɗin har yanzu suna jingine a bango. Na tara bokiti da roba a kan gado.

Talata, 7 ga Agusta, bayan Azahar

Ranar kasuwa. Yaya Zarami, yayan Hashim, yakan zo Nguru duk Talata saboda bandar kifi. Na dafa abinci da shi. Bai biyo ba.

Alhamis, 9 ga Agusta, da safe

Na kira Gashua, gidansu Hashim, inda suka tafi da shi. Iya Gaji ce ta ɗauka, mahaifiyarsu. Na durƙusa ina gaishe ta, sai daga baya na tuna ba ta ganina.

Na ce, "Iya, ya mai jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi, 'yata. Malam na zuwa safe da yamma yana yi masa karatu."

"Ya yi barci?"

Ina jin kukan akuya a bayanta. Ta ce, "Ya hannun naki?"

Na ce ya warke. Bai warke ba. Ɗinkin da aka yi mini ranar Alhamis ɗin yana ja idan na riƙe linzamin kwamfuta, sai da hagu nake aiki, a hankali kamar 'yar koyo.

Asabar, 11 ga Agusta, da yamma

An kawo wuta tun safe, na yini a kan ginshiƙai. Shida a gaba, goma sha uku a kowane gefe. Babu miƙaƙƙe ko ɗaya a cikinsu. Kowanne yana da ɗan ciki a tsakiya, kaɗan ne, ido ba ya kama shi, amma idan ka cire cikin sai ginshiƙin ya zama kamar mai yunwa. Na kusurwa kuma sun ɗan karkata ciki. Daɓen ma ba a shimfiɗe yake ba, ya ɗan tashi a tsakiya. Ranar da muka gano haka Hashim dariya ya yi ta yi, ya ce mutanen nan sun san ido maƙaryaci ne, sai suka riga shi.

Baba ya zo daga shago. Bai shiga ba, a zaure ya tsaya. Ya ce, "Shuhada, ki haɗa kayanki ki dawo gida. Mace ba ta zama ita kaɗai a ɗakin da ruwa ke zuba." Na ce, "Baba, idan ya dawo fa?" Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce zai turo kafinta.

Lahadi, 12 ga Agusta, bayan La'asar

Ruwa. Na kwashe bokiti, na mayar, na kwashe.

Laraba, 15 ga Agusta, da yamma

Na je Gashua. Hanya ta lalace, wajen Jajimaji sai da muka sauka maza suka tura motar. Ruwa ya shafe gonaki hagu da dama, ciyawar kachalla ta fi mutum tsawo.

Iya Gaji ta rungume ni a tsakar gida. Ƙamshin turaren wuta da kifi. Ta ce in ci abinci tukuna. Na ce sai na gan shi.

Yana ɗakin baya, inda suke ajiye shinkafa. Ba zan rubuta duk abin da na gani ba. Akwai tabarma, akwai buta, akwai igiya. Ya rame. Leɓensa na motsi, na matsa kusa, lissafi yake yi: faɗin katako, nisa tsakanin rami da rami. Na ce, "Hashim, ni ce." Ya dube ni yadda ake duban mai wucewa a titi, ya ci gaba.

Da na fito, Yaya Zarami na zaune a kan turmi. Na gaishe shi, na ce, "Yaya, don Allah a kai shi asibiti a Maiduguri. Akwai likitocin irin wannan ciwon. Ba na ce a daina karatu ba ne, a haɗa biyu."

Ya ce, "Ƙanena ba mahaukaci ba ne."

"Ban ce haka ba, Yaya."

"Ke kin san abin da ke damunsa. Shekara guda yana zaune gaban gilashi yana gina wa gumaka gida."

Na ce babu gunki a ciki. Ɗakin tsakiya, inda suke ajiye gunkinsu, mun bar shi wayam, tun farko muka faɗa wa matar ba za mu zana shi ba, ta kuma yarda. Duwatsu ne kawai da katako, don ɗalibai su ga yadda aka yi gini a dā.

Ya ce, "To ai shi ne. Kun gina gida, kun share, kun bar shi ba kowa. Kina tsammanin ba abin da zai shiga?"

Sai a mota na yi ta samun amsoshi, har Nguru.

Juma'a, 17 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Kafinta ya mayar da kwanon. Yana sama yana tambayata yadda aka yi kusoshi suka fita haka, ko iska ce. Na ce iska ce. Duk unguwar nan sun ga wanda ya hau, shi ma na tabbata an faɗa masa. Allah Ya saka masa.

Yanzu ɗakin ba ya zuba. Na fi jin shirun.

Litinin, 20 ga Agusta, da hantsi

Na je shagon intanet na Dauda, kusa da tashar jirgi. Irini ta rubuto sau uku. Tana tambayar rufi, tana tambayar Hashim. Na rubuta mata ba shi da lafiya, na goge, na sake rubutawa, na aika. Abin da ke hannunta tsohon zane ne, ginshiƙai da bango, ba rufi. Dauda ya ce sabon ya yi nauyi, ko kwana zan yi a shagon ba zai wuce ba, sai dai a zuba a faifai a kai Kano a aika.

Mata biyu a bakin famfo sun yi shiru da na wuce.

Da na dawo na buɗe rufin. Wannan ne karon farko da na shiga aikinsa ba ya kusa.

Matsalar ita ce katakon rufin ya ruɓe tun tuni, ko tsinke bai rage ba. Abin da ya rage ramuka ne a jikin duwatsun saman bango, inda bakin katako ke shiga. Daga girman ramukan ake gane kaurin katako da yadda aka jera shi. Amma ramukan sun ƙi jituwa, na arewa ba sa fuskantar na kudu. Wannan ne ya hana shi barci tun watan Yuni. Yana cewa saura kaɗan. Kullum saura kaɗan.

Laraba, 22 ga Agusta, da yamma

Ya riga ya gano. Na zauna na bi zanensa layi-layi, ya riga ya gano. Duwatsu huɗu ne aka ɗauka na bangon arewa ne, alhali na kudu ne, kuma a kife aka ɗauki hotonsu. Ya juya su, ya mayar da su wurinsu, ramuka suka dubi juna. Abin da ya rage jera katako ne da ɗora tayal. Aikin da ba ya buƙatar tunani.

To me ya hau nema a saman ɗakinmu?

Ba zan sake yin wannan tambayar ba.

Alhamis, 23 ga Agusta, da safe

Na yi mafarkin ɗakin tsakiyar. Na tashi na yi alwala, na yi nafila. Ban yarda da maganar Yaya Zarami ba. Amma yau da zan kunna kwamfutar na ji bakina yana karanta Ayatul Kursiyyu.

Asabar, 25 ga Agusta, bayan Azahar

Katako, katako, katako. An ɗauke wuta, na tayar da janareta da hannu ɗaya, ɗinkin ya buɗe kaɗan. Katako.

Na dafa tuwo na mutum biyu. Hannuna ya ƙi koyon awon mutum ɗaya.

Lahadi, 26 ga Agusta, da yamma

Iya Gaji ce ta kira da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Muryarta ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "'Yata, ya daina cin abinci. Ƙafarsa ta kumbura inda igiyar take. Jiya ya kira ni da sunan wata da ban sani ba."

Na ce, "Iya, ki yi wa Yaya magana."

Ta ce, "Na yi. Na yi kuka a gabansa, ni da na haife shi. Ya ce ya yarda a kai shi Maiduguri. Amma sai an rushe abin nan da ke cikin injin ɗinku, a gaban idonsa, kar a bar ko ɓurɓushi. Ya ce ba zai kai shi asibiti ya warke ya dawo ya tarar da abin yana jiransa ba. Ranar Talata zai zo."

Na dubi kwamfutar.

Ta ce, "Ni ban san abin ba. Ko da aljani a ciki ko babu, Allah ne Masani. Ɗana nake so."

Na ce, "Ki ce masa ya zo, Iya."

Litinin, 27 ga Agusta, bayan La'asar

Na gama.

Tun Asuba nake ɗora tayal, jajaye, na gasasshen yumɓu. Na shafa launi a inda Irini ta ce an ga ragowarsa, shuɗi da ja a ƙarƙashin bakin rufi. Mutane na zaton fararen gine-gine ne, ashe Girkawa ma masu son ado ne kamar mu. Sannan na sa rana a gabas, na bar kwamfutar ta fitar da hoton. Ta daɗe. Yana fitowa daga sama, layi bayan layi, kamar ana yaye mayafi.

Ban taɓa ganin abu irinsa ba. Inuwar ginshiƙai ta kwanta a kan matakala, rufin ya zauna kamar dama can bai taɓa faɗuwa ba. Na juya in ce wa Hashim ya duba.

Na zuba shi a faifai. Faifan yana cikin jakata. Motar Kano na tashi da sassafe, kuma direban ya san Baba. Yaya Zarami bai san faifai ba, bai san kwamfuta ba, idan na kashe allon kawai na ce na goge zai yarda. Shekara guda ta ran Hashim ce a ciki. Wannan kaɗai ne shaidar cewa ba shirme yake yi ba.

Amma zai ce in rantse. Na san zai ce.

Talata, 28 ga Agusta, da yamma

Motar Kano ta tafi, ina jin hon ɗinta daga kicin.

Yaya Zarami ya zo bayan ya tashi daga kasuwa, rigarsa na warin banda. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya yi addu'a mai tsawo kafin ya sa ƙafa. Na ba shi kujera, ya ƙi.

Na ce, "Yaya, kafin in goge ka duba. Sau ɗaya."

Ya ce ba ya so. Na buɗe duk da haka. Na zagaya da shi gaba da baya, na shiga tsakanin ginshiƙai, na ɗaga ido sama ya ga katakon a jere. Na kai shi ɗakin tsakiya, haske na shigowa ta ƙofa, ba komai sai daɓe.

Bai san lokacin da ya zauna ba. Ya matso da fuskarsa har numfashinsa na taɓa gilashin.

Ya ce, "Wannan katakon, Hashim ne ya jera?"

Na ce, "Shi ya gano yadda aka jera. Masanan ƙasar ma ba su gano ba."

Ya ce, "Tun yana ƙarami haka yake. Idan muka je kamun kifi, ni ina jan taru, shi yana gina gari da laka a bakin ruwa, har da ƙofofi. Babanmu ya sha dukansa." Ya share fuska da hularsa. Na ɗauka zai ce a bari. Wallahi na ɗauka.

Ya ce, "Goge."

Na goge. Ya miƙe zai tafi. Na ce, "Tsaya, Yaya, bai tafi ba tukuna." Na shiga inda kwamfuta ke ɓoye abin da aka zubar, na goge a can ma. Na goge ajiyar da Hashim ya yi a wani wurin. Na buɗe durowa na fito da tsofaffin faifai, na buɗe jaka na fito da na jiya. Ya tambaye ni mene ne, na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona.

Faifai na da taurin kai. Sai da na sa taɓarya.

Bai ce in rantse ba. A zaure ya ce, "Ki shirya ranar Asabar. Na yi magana da mai mota." Ya ɗan tsaya. "Hannun naki, a nuna wa likitan shi ma."

Laraba, 29 ga Agusta, da hantsi

Na share ɓaraguzan. Suna ƙyalli a cikin shara, kaji na ta tsattsaga.

Alhamis, 30 ga Agusta, bayan Azahar

Na rubuta wa Irini. Na ce aikin ya ɓace kuma ba zan iya ci gaba ba. Na faɗa mata duwatsun nan huɗu, lambarsu da inda ya kamata su koma, na ce Hashim ne ya gano, idan wani ya gina rufin a sa sunansa. Wannan ba gini ba ne, magana ce, ban yi alkawarin haɗiye magana ba. Duk da haka ranar Asabar zan faɗa wa Yaya na yi.

Dauda ya ce ko in jira amsa. Na ce a'a.

Na rufe kwamfutar da zane. Na haɗa kayansa: riguna uku, soso, takalmin da zai shiga kumburarriyar ƙafa.

Lahadi, 2 ga Satumba, bayan La'asar, Maiduguri

Jiya na kwana a Gashua, a ɗakin Iya. Na faɗa wa Yaya Zarami maganar duwatsun, ya ce wannan tsakanina da matar ne.

Da gari ya waye shi ya kwance igiyar da hannunsa. Iya ta zo da ruwan ɗumi ta wanke ƙafar, tana yi masa magana da Barbarci ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa jariri. Ba ta biyo mu ba, ta ce ba za ta iya ganin an rufe ƙofa a bayansa ba. Ta tsaya a bakin zaure har muka sha kwana.

Yaya a gaba da direba, ni da Hashim a baya. Ya jingina da ƙofa, nesa da ni, yana kallon waje. Kogi ya cika har ya kusa taɓa gada, masunta na ta harkarsu.

Mun yi nisa da gari sai na ji ya ce, "Shuhada."

Tun ranar Alhamis ɗin nan bai kira sunana ba. Na ce, "Na'am."

Bai juyo ba. Ya ce, "Rufin."

Na ce, "Na gama shi. Ya zauna. Lissafinka daidai ne, ko rami ɗaya bai kauce ba."

"Yana ina?"

Duk hanyar Nguru zuwa Gashua na shirya ƙaryar da zan yi. Na ce, "Babu shi. Na goge."

Na ga wuyan Yaya Zarami ya sandare. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ni na sa ta. Kar ka riƙe ta, ni za ka riƙe."

Direba ya rage rediyo. Muka wuce wani ƙauye, muka wuce garken shanu. Ina kallon hannuwansa a kan gwiwa, ina kallon marfin ƙofar.

Can ya ce, "Kin sa masa rana?"

"Na sa. Ta gabas."

"Kin gani da idonki?"

"Na gani. Yaya ma ya gani."

Sai a lokacin Yaya Zarami ya juyo gaba ɗaya, idanunsa jajur. Ya ce, "Na gani, Hashim. Na shiga har ciki. Wallahi ko a Makka ban ga an jera katako haka ba."

Hashim ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "To."

Ya matso, ya ɗora kansa a kafaɗata, ya yi barci. Barci na gaske, baki buɗe, har da minshari. Yaya ya ce wa direba ya bi ramuka a hankali. Kafaɗata ta mutu tun kafin Damaturu, ban motsa ba.

Yanzu sun shiga da shi. Likitar da ta karɓe shi ta yi mini tambayoyi da yawa, na amsa duka, har na ranar Alhamis, har na hannun. Ta ce zai daɗe, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Yaya ya tafi nema mana masauki.

Ina kan benci a baranda. An ce sai gobe da hantsi za a bar ni in gan shi. Na tambayi wata ma'aikaciya ko ya farka, ta leƙa ta dawo, ta ce a'a, kuma sun ce kar a tashe shi.